Taswirar SGMA Data Viewer: duba ta kafin ka biya lauya

Duk mai gona ko rijiyar burtsatse a jihar Kalifoniya ta Amurka ya kamata ya san wannan shafin intanet na SGMA Data Viewer (SGMA ita ce dokar jihar ta kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa), na hukumar albarkatun ruwa ta jihar ne wato DWR, kuma kyauta ne ko sisi ba ka biya. Kana buɗewa ka matso da taswirar daidai gonarka sai ka ga layin da ya zagaye tafkin ƙarƙashin ƙasan da kake zuƙar ruwa daga ciki, da sunansa da lambarsa, guda 515 ne a jihar gaba ɗaya kamar yadda kundin hukumar mai suna Bulletin 118 ya shata su.

To me ya sa layin ya dame mu? Saboda dokar da aka yi a 2015 cewa ta yi idan za a yi shari'ar rabon ruwan wani tafkin ƙarƙashin ƙasa gaba ɗayansa, iyakar shari'ar sai ta bi wannan layin, alƙali ba ya ɗaukar biro ya zana nasa haka kawai, in ma ana ganin layin bai yi ba to DWR ɗin za a koma a nemi gyara. Kenan in filinka ya faɗo ciki takardar kotu za ta iso ka ko ba ka taɓa faɗa da kowa kan ruwa ba, kuma yin shiru na iya jawo maka asarar haƙƙinka. Mutanen kwarin Cuyama sun ga haka, manyan masu noman karas suka shigar da ƙara a 2021, ƙananan manoma da makiyaya suka wayi gari suna neman lauya, kuma zagayen farko na shari'ar kacokan kan iyakar aka yi shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya sa taswirar ta nuna wuraren da kotu ta riga ta raba ruwansu, irin su Antelope Valley da aka fara shari'arsa a 1999 sai 2015 aka yanke hukunci, ka ɗora zurfin ruwan rijiyoyi a kai ka ga yadda yake ja baya shekara bayan shekara.

Amma fa taswira ce ba lauya ba, ba za ta gaya maka ruwa nawa ne rabonka ba. Kuma in gonarka na bakin layi ne kada ka dogara da ido, nemi masanin ƙasa ya tabbatar maka. A kwamfuta ya fi daɗin dubawa, allon waya ya yi masa kaɗan.