Hoton fure a falo: baƙi da fari ko mai kala?

Ƙanwata, tunda kin tsaya tsakanin mai kala da baƙi da fari, ki ɗauki baƙi da fari kawai.

Wanda ke rataye a falona hoton furen bado ne, baƙi da fari. Ɗan yayata ya ɗauko shi a fadamar Argungu da sanyin safiya, rana ba ta ɗaga ba, haske yana zuwa ta gefe. Da aka cire kalar sai abin da ido ya saba tsallakewa ya fito fili: jijiyoyin ganye, raɓar da ta kwanta a kan furen, inuwar da kowane kunnen fure ya jefa kan ɗan'uwansa, ruwan da ke bayansa kuwa ya koma baƙi wuluk. Ranar da surukata ta zo ta daɗe tsaye a gabansa, ta ce ita da ta yi ƙuruciyarta tana tsinkar bado a tafki ba ta taɓa lura haka Allah Ya ƙera shi ba. Ga shi ba ya faɗa da kayan ɗaki. Na sauya labule, na sauya kujeru, yana nan daram.

Mai kalar da nake da shi kuwa hoton jan fure ne da na saya a Birnin Kebbi. A shago ya yi kyau, ban musa ba, amma ranar da ke shigowa ta taga ta koɗar da shi.

Sai dai ba kowane fure ne ke karɓar baƙi da fari ba. Jan fure a cikin koren ganye yakan koma toka-toka ɗaya, domin haskensu kusan ɗaya ne, kala ce kaɗai ta raba su. Ki nemi farin fure mai siffa, irin bado ko zogale, ko furen kuka da ke buɗewa da magariba yana reto a ƙasan reshe. In ke za ki ɗauka da waya, ki ɗauka da kala, daga baya ki mayar. A wasu wayoyin, wanda aka ɗauka baƙi da fari tun farko kalarsa ta tafi ke nan.

Ki yi hattara da wasu masu buga hoto. Sukan sauko da ƙaramin hoto daga intanet su buɗa shi ya yi girman bango, ya fito dishi-dishi, su rufe da gilashi mai ƙyalli don kada ki gane. Wasu kuma da tawada mai arha suke bugawa, baƙin ya fito kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Kada ki biya kuɗi duka sai kin fito da takardar waje kin duba ta a hasken rana, tun kafin a sa firam. Ki ce a buga miki a takarda marar ƙyalli, a kuma liƙe bayan firam ɗin sosai, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta shige tsakanin gilashi da hoton.