Shekarar 'yata ta farko a makarantar Waldorf: abin da na gani

Ranar farko da 'yata ta dawo daga makaranta, na buɗe jakarta ina ɗokin ganin baƙaƙe. Abin da na tarar layi biyu ne a kan ƙatuwar takarda, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya lanƙwasasshe. Karatun ranar ke nan. Na dubi babanta na ce, "Wai a kan wannan za mu riƙa biyan kuɗi duk wata?"

A Jamus muke zaune, kuma nan ne tushen tsarin karatun Waldorf. A Stuttgart aka buɗe makarantar farko a 1919, saboda 'ya'yan ma'aikatan kamfanin sigari na Waldorf-Astoria, bisa tunanin wani masanin falsafa mai suna Rudolf Steiner. Wata maƙwabciyarmu ce ta yi ta zuga mu har muka kai yarinyar tana da shekara shida.

Kullum da safe malama na tsaye a bakin ƙofa, tana gaisawa da kowane yaro hannu da hannu. Daga nan sai babban darasi na kusan awa biyu, kuma fanni ɗaya ake riƙewa har mako uku ko huɗu kafin a ajiye shi a ɗauko wani. Yadda suke koyar da haruffa shi ya fi burge ni. Malama za ta ba da tatsuniyar wani sarki, da ka, ba ta duba littafi. Washegari yara su maimaita labarin, su zana sarkin ya miƙa hannu da ƙafa, sai ga harafin K ya fito daga jikin zanen, domin da shi kalmar sarki, König, take farawa a Jamusanci. Ba a raba musu bugaggen littafi. Kowa shi ke haɗa nasa da kalar kakin zuma, shafi bayan shafi. Lissafi kuwa da tafi da tsalle da 'ya'yan itace ake yinsa, kuma tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk a shekarar suka taɓa su. Akwai saƙa ga maza da mata, da busa sarewa, da Turanci da Faransanci ta hanyar waƙa kawai.

Wajen watan Disamba hankalina ya tashi. Ɗan yayata da ke Kano, sa'anta, yana karanta jimla sumul, tawa kuwa ba ta gama haruffa ba. Da na yi wa Hajiya bayani a waya, dariya ta yi ta ce, "Yo in tatsuniya ce ai da kun turo min ita, kyauta zan yi mata." Na rasa amsa. Sai dai yarinyar da ko minti biyar ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu takan kawo labari tun daga farko har ƙarshe, ta kuma share rabin awa a kan saƙarta. Ko haddar da nake yi mata a gida ta fi saurin zama.

Abin da ya kamata iyaye Musulmi su sani tun wuri shi ne bukukuwan shekara na Kirista ne, kamar yawon fitilu na Nuwamba da shirye-shiryen Kirsimeti. Mun zauna da malamar, ta saurare mu, muka zaɓi waɗanda za ta shiga. Aikin iyaye ma ba kaɗan ba ne a makarantarmu: taro, sharar aji, girkin kasuwar makaranta. Sannan malama ɗaya ce ke riƙe aji har zuwa aji takwas. Mu dai mun dace, amma ina tausayin yaron da jininsu bai haɗu ba.

Ba maki, ba na ɗaya ba na biyu. A ƙarshen shekara doguwar takarda aka ba mu a kan halinta da ƙoƙarinta, da ɗan baitin da malamar ta tsara mata ita kaɗai. Har yanzu a hankali take haɗa baƙi. Za mu bar ta ta shiga aji biyu, amma na sayo littafin koyon karatu, kullum bayan magariba muna yin minti goma sha biyar ni da ita.