ICD-API da RxNorm: bayanin wanne ya fi dacewa da wakilin AI?

Malam, tambayarka ita ce: tsakanin ICD-API na Hukumar Lafiya ta Duniya da RxNorm na ɗakin karatun likitanci na Amurka, wanne ne takardun bayaninsa suka fi inganci ga wakilin AI (manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke aiwatar da aiki da kanta) mai neman kalmomin asibiti. Dukansu hanyoyi ne da manhaja ke bi ta intanet ta nemi bayani, amma ka fara sanin cewa aikinsu daban ne. Na farko lambobin cututtuka yake bayarwa, na biyu na magunguna. Amma ma'auni ɗaya ake auna bayaninsu da shi: idan an samu matsala, shin takardar ta riga ta faɗa?

Wajen shiga, RxNorm ya fi sauƙi. Ba ya neman mabuɗin shiga, kuma an rubuta iyakarsa ƙarara: buƙata 20 a daƙiƙa ɗaya daga adireshin intanet (IP) ɗaya. ICD-API kuwa sai ka yi rajista ka karɓi shaidar shiga ta OAuth2, wadda ke ƙarewa bayan kamar awa ɗaya, sannan kowace buƙata ta ɗauki API-Version da Accept-Language, wato bayanin sigar API da harshen da kake so. Duk wannan yana rubuce, sai dai kada ka bar wa wakilin. Manhajarka ce za ta sabunta shaidar. In ba haka ba, ya ga kuskure 401, wato saƙon rashin izinin shiga, ya ɗauka cutar ce babu.

Inda na fi so ka tsaya shi ne ma'anar abin da ake dawo maka da shi. ICD-11, wato kundin rarraba cututtuka na hukumar, fitowa ta 11, hawa biyu ne: Foundation, wato rumbun dukkan ma'anoni, wanda ba shi da lambobin da ake rubutawa a fayil ɗin majiyyaci, da kuma MMS, inda lambobin suke. Zazzaɓin cizon sauro na falciparum 1F40 ne a MMS, B50 a ICD-10, fitowar da ta gabaci ICD-11. Takardun hukumar sun bayyana wannan bambanci, amma ɗan Adam suka yi wa bayanin, wanda zai zauna ya karanta shafi bayan shafi. Wakili ba ya ganin komai sai 'yan layukan da ka rubuta masa a bayanin kayan aikin. Idan ya nema a Foundation bai ga lamba ba, abu ne mai sauƙi ya cike gurbin da wadda ya haddace, wani lokaci ma ta ICD-10. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin lambar tana da kamar gaskiya. Akwai kuma ƙaramin abu: sakamakon bincike yana zuwa da alamomin HTML (na tsara shafin intanet) a jikin sunan cutar in ba ka kashe zaɓin highlightingEnabled ba.

A nan RxNorm ya fi tsari. Kowane aiki da shafinsa, da jadawalin abin da ake shigarwa da abin da ke fitowa, da misali. A neman suna, search=0 daidai-wa-daida ne, 1 yana sassauta rubutu, 2 yana gwada na farko kafin na biyu. Tarkonsa shi ne nau'in suna: IN sinadari ne zalla, SCD sinadari da ƙarfi da siga, SBD mai sunan kamfani. Lamba 161 ta acetaminophen ce, wato farasitamol ɗinmu, amma ba ita ce ta ƙwayar 500mg ba. Kuma magungunan kasuwar Amurka ya ƙunsa, don haka kada ka sa ran samun duk sunan da NAFDAC ta yi wa rajista. Idan bai samu ba, amsa yake dawowa da ita babu lamba a ciki, ba saƙon kuskure ba. Dole ka rubuta wa wakilin abin da zai yi a nan: ya gwada approximateTerm, mai nemo sunaye makusanta, ya nuna wa mutum zaɓi, kada ya zaɓa da kansa.

Batun sabuntawa ICD-API ne a gaba. Kana iya ɗaure buƙatarka da fitowa ɗaya, kamar 2024-01, amsar yau ta zama amsar baɗi. RxNorm kowane wata yake sauyawa, lamba na iya tsufa ko a mayar da ita wata, sai ka duba historystatus, mai nuna tarihin lamba. Ka kuma tuna masu RxNorm sun rufe sashensu na duba yadda magunguna ke karo da juna a Janairun 2024, alhali tsofaffin misalai na ci gaba da yawo.

A ganina bayanin RxNorm ya fi sauƙin juyawa zuwa umarnin wakili, na ICD-API kuma ya fi buƙatar ka taƙaita shi da hannunka. Kafin ka amince da abin da ka rubuta, ba wakilin bayanin kaɗai ka jarraba shi da tambayoyi biyar: suna daidai, suna mai kuskuren rubutu, sunan da babu, tsohuwar lamba, da kalmar Hausa irin "amosanin jini". A ta ƙarshe ya kamata ya fara mayar da ita Turanci ko Faransanci, ya nemo rukunin 3A51, sannan ya tambayi wane nau'i ake nufi.