Pawa-pak mai shiru: wanne zai jure zafin Kebbi?

A ɗan ɗakin da nake naɗar murya a Birnin Kebbi, watan Afrilu ne ya tona wa pawa-pak ɗina asiri, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan cikin kwamfutar tebur. Wani dattijo ya zo mu naɗi karatunsa, na rufe ƙofa, na kashe fankar sama, muka fara. Da muka zo saurare, sai ga wani gurnani kwance a ƙarƙashin muryarsa tun daga bisimilla har addu'ar rufewa. Ya cire abin kunne ya dube ni ya ce, "Ɗana, injin niƙa gare ka a nan ciki?" Na bi fankokin kwamfutar ina tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, gurnani na nan daram. Wadda ta rage ita ce ta cikin pawa-pak, akwatin ƙarfen nan na baya, wanda ba a buɗewa da wasa, don kafasitocinsa na riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Kafin ka tsaya gaban mai shago, ka riƙe abu ɗaya: zafi ne ke sa fanka kuka, zafin kuma daga wutar da ake asara yake fitowa. A ce kwamfutarka na cin wat 300. Pawa-pak mai ingancin kashi 80 zai ja wat 375 daga bango, 75 su zama zafi a cikinsa. Mai kashi 90 zai ja 333 ne, zafinsa 33 kacal, bai kai rabin na farko ba. Ga mai sola lissafin bai tsaya a kunne ba. Wat 42 ɗin nan da ke tsakani, in ka yi aikin awa 10, sun haura kashi ɗaya bisa uku na abin da ya kamata ka zuƙa daga batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200, tunda rabinsa ake so a ci.

Tambarin da ke nuna wannan shi ne 80 PLUS, wanda aka fara a 2004. Idan pawa-pak na ɗauke da rabin nauyinsa, a gwajin bolt 115, mai matakin Bronze na ba da ingancin kashi 85, Gold 90, Platinum 92, Titanium 94. A wutarmu ta bolt 230 kowannensu kan ɗan ƙara. Daga Bronze zuwa Gold akwai riba a fili. Daga Gold zuwa Platinum kuwa, a nauyin wat 300, wajen wat 7 ne tsakaninsu, kuma farashin ba ya tausayin aljihu. Ni ban ga dalili ba. Sannan tambarin 80 PLUS ba ya cewa komai game da ƙara. Masu auna wannan su ne wani ɗakin gwaji mai suna Cybenetics, da desibel, ma'aunin ƙarfin ƙara: A++ na ƙasa da desibel 15, A+ daga 15 zuwa 20, A daga 20 zuwa 25, A- daga 25 zuwa 30. Mai naɗar murya ya nemi A zuwa sama; mai shagon buga takardu a bakin titi, inda janaretan maƙwabci ke ta faman ruri, ko na ƙasa da haka ba zai dame shi ba.

Marasa suna, waɗanda ake rubuta wa wat 500 alhali nauyinsu a hannu kamar gwangwanin madara, a bar su a shago. Ƙaramar fanka ce mai milimita 80 a yawancinsu, dole ta yi gudu kafin ta tura iska, kuma ranar da suka mutu sukan tafi da wani abu.

Gardamar gaske tana tsakanin iri uku na masu kyau. Akwai wanda fankarsa ke tsayawa cik idan aiki bai yi nauyi ba, irin Corsair RMx da Seasonic Focus GX. Akwai wanda fankarsa ke juyawa kullum amma a hankali, abin da kamfanin be quiet! na Jamus ya yi suna a kai. Akwai kuma wanda ba shi da fanka sam, kamar Prime Fanless na Seasonic.

Na ukun ya fi daɗin ji a talla, shi ne kuma na fi jin tsoro a nan. Wanda ba shi da fanka ya dogara ne da iskar ɗaki ta ɗauke masa zafi, to wace iska ce a Jega ko Argungu da azahar ɗin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa? Sai mai ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Na farkon ma, shirun da ake yabonsa da shi a ɗaki mai sanyi aka auna. A zafinmu wasu daga cikinsu kan tashi, su tsaya, su sake tashi, kuma makirufo ya fi kama wannan tashi-faɗi a kan ƙara mai tafiya ɗaya, wadda ake iya gogewa wajen tace murya. Abin da ya cece su shi ne maɓallin da wasu ke da shi a baya, kamar na Focus GX, wanda ke ba ka zaɓin fanka ta riƙa juyawa kullum. Ka duba bayan akwatin kafin ka biya. Nawa tun daga Maris har ruwa ya sauka a juyawa yake.

Fankar kanta ka nemi mai milimita 120 zuwa 140. Mai bushin ta fi arha, amma manta na bushewa da zafi, sai ta fara ƙugi. Mai boris na jure zafi, sai dai ana jin ɗan sautinta. Wadda aka rubuta wa FDB a kwali, wato mai juyawa a kan shimfiɗar mai, ita ta haɗa shiru da daɗewa. Ka kuma karanta digirin da aka ce pawa-pak ɗin na ba da cikakken ƙarfinsa a kai. Na ƙwarai 40 ko 50 suke rubutawa, da kafasita masu jure digiri 105. Wanda ya rubuta 30, Kebbi ta riga ta fi ƙarfinsa.

Girma kuwa kada a yi zari. Kwamfutar ofis mara katin girafiks, wato katin sarrafa hoto da bidiyo, da wuya ta wuce wat 150, mai 450 ya ishe ta har da saura. Mai tace bidiyon biki da matsakaicin kati, 650 ko 750 zai bar shi a wajen rabin nauyi, inda inganci ya fi kyau fanka kuma take hutawa.

Wata ƙarar ba ta fanka ba ce. Idan ka ji "ziiii" duk sanda aka ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan inbata ko UPS, to wutar ce ba ta da tsabta. Pawa-pak na zamani masu Active PFC, wato tsarin daidaita yadda suke jan wuta, sun fi zama lafiya da inbatar da aka rubuta wa pure sine wave a jiki, mai ba da wuta mai tsabta. A kan mai arha wasu kan yi ƙara, wasu ma su kashe kansu.

Masu sayen tokumbo, abu biyu. Tsofaffin da suka fito daga Amurka na da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In yana kan 115 ka soka a bangonmu, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Sannan yawancin ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell na da irin nasu pawa-pak da bakin wayarsu daban, na kasuwa ba zai shiga ba. Ka ɗauki hoton naka ka tura wa mai shago kafin a ɗoro maka kaya a mota daga Kano ko Ikeja. Garantin shekara 10 da ke jikin kwalin RMx da Focus GX alama ce mai kyau, amma ka tambayi mai sayarwa ƙarara: in ya lalace, wa zan kawo wa?

Idan ka ɗaura sabon, kuma fankarsa na kallon ƙasa, kada ka ajiye kwamfutar kan darduma. Ka sa mata katako ta ɗan tashi. Da hunturu, ragar ƙurar da ke ƙarƙashinta kan toshe cikin 'yan kwanaki, fanka ta shiga neman iska da ƙarfi. Ni duk Juma'a kafin in tafi masallaci nake zare tawa in kakkaɓe.