Tukunya ta yi wa saiwa kaɗan: abin da na gani a wani lambun renon tsirrai a Maraɗi

Shekara 2 ke nan da na sayi ɗan itacen lemun tsami a cikin baƙar leda, na mayar da shi cikin wani tsohon bokitin fenti mai cin lita 10, na ajiye shi a barandarmu da ke kallon gabas. Ya yi kyau a shekarar farko, har ya ba ni ƴaƴa kaɗan, amma da watan Afrilun bana ya kama, zafin Maraɗi ya haura digiri 40 kamar yadda ya saba, sai ya fara abin da ya ɗaure mini kai. Ina ba shi ruwa bayan sallar asuba, kafin azahar ganyensa ya langaɓe kamar bai ga ruwa ba tun jiya. Na ƙara masa na yamma, ba ta sake zani ba. A daidai wannan lokaci kuma ɗoɗɗoyar da nake ajiyewa a falo kusa da taga ta soma yin ɗorawa tana zubar da ganye, alhali ita ma ba na bari ta kwana ba ruwa. Wata maƙwabciyata ce ta ba ni shawarar in kai su wurin wani dattijo mai lambun renon tsirrai a bakin hanyar Jiratawa, wanda baya ga sayar da dashe yana karɓar aikin sauya wa shuka tukunya. A kan wannan aiki nasa nake son yin magana, domin na san akwai masu shuka a gida da yawa da ke fama da irin matsalata.

Wurin ba shi da allo ko suna. Inuwar dogon yaro ce da rumfar zana, sai layukan ledoji na mangwaro da gwaba da lemu da furanni, ga rijiya a gefe, ga tukwanen ƙasa an kifa su a jere. Wanda ya je neman shago mai kanta da rasit zai iya wucewa bai gane ya iso ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambaye ni irin takin da nake sakawa ba, kuma bai ɗauko mini wani magani ya ce in saya ba. Ya kwantar da bokitin a gefe, ya bubbuga jikinsa da tafin hannu, ya riƙe gindin itacen tsakanin yatsunsa ya zaro shi gaba ɗaya. Abin da ya fito ya ɗauki siffar bokitin sak, kuma ƙasar da ta rage a ciki ba ta taka kara ta karya ba. Saiwoyi ne suka nannaɗe juna a ƙasa kamar gammo, wasu sun yi kaurin ƙaramin yatsa, wasu kuma sun kutsa ta ramin da na huda da ƙusa har sun toshe shi. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, ai wannan ba ƙishirwa ke damunsa ba, ƙunci ne.” Na ce, “To Baba, ruwan da nake zuba masa safe da yamma ina yake tafiya?” Maimakon ya amsa, sai ya mayar da dunƙulen cikin bokitin ya zuba moɗa ɗaya, muka ga ruwan ya bi ta tsakanin jikin bokitin da saiwar ya sauka, tsakiyar kuwa da ya tsaga ta da yatsa a bushe take ƙamas. Ƙasa ce ke riƙe wa shuka ruwa, kuma idan saiwa ta cinye wurin ƙasa babu sauran abin da zai riƙe shi, don haka ko tulu guda aka juye wucewa kawai zai yi.

Aikin da kansa bai wuce rabin sa'a ba. Ya jiƙa dunƙulen a cikin daro har kumfar iska ta daina tasowa, ya yanke gammon ƙasan da wuƙa mai kaifi, kaurin yatsu biyu, sannan ya yi tsaga huɗu marasa zurfi daga sama zuwa ƙasa, ya warware saiwoyin gefe da hannu a hankali. Na tsorata da yankan, amma dalilinsa a fili yake: saiwar da ta saba zagaye, in aka dasa ta yadda take, za ta ci gaba da zagayawa ko a sabuwar tukunya, har wata rana ta shaƙe gindin itacen. Ya kuma rage rassa kaɗan daga sama, domin saiwar da aka yanka ba za ta iya shayar da ganye mai yawa ba a kwanakin farko.

A wurin zaɓen tukunya muka ɗan yi ja-in-ja. Ni na nuna wata babba wadda ta kusa randa, a tunanina in an yi sau ɗaya an huta. Ya ƙi, ya ɗauko wadda ta fi bokitin faɗi da kamar santimita 5, duk da cewa babbar ta fi tsada kuma ribarsa ta fi yawa a cikinta. Bayaninsa shi ne ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana daɗewa a jiƙe, babu mai shan ruwanta, kuma daga nan ruɓa ke farawa. Wannan ƙin da ya yi shi ne ya sa na amince da sauran maganganunsa. A kan ramin ƙasan tukunyar ya ɗora guntun kasko ɗaya kawai don kada ƙasa ta zube, bai shimfiɗa tsakuwa ba kamar yadda mutane da yawa ke yi, kuma daidai ya yi, domin tsakuwa a gindin tukunya ba ta sa ruwa saurin fita, rage wa saiwa wuri take yi, ta kuma ɗago jiƙaƙƙiyar ƙasar zuwa kusa da ita. Haɗin ƙasarsa rairayin gulbi ne da takin dabbobi da ɓuntun shinkafa, kuma ya kula bai binne gindin itacen fiye da inda yake a da ba.

Tukwanensa na ƙasa ne marasa fenti, kuma a garinmu ina ganin sun fi roba nesa ba kusa ba. Jikinsu yana tsatsar da ruwa, iska ta busar da shi, cikin ya yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Baƙar roba kuwa in rana ta buge ta takan yi zafin da hannu ba ya jurewa, kuma saiwoyin da ke manne da jikinta su ne ke fara ƙonewa. Sai dai tukunyar ƙasa tana da nata nauyin: tana saurin bushewa, tana da wuyar ɗauka, tana fashewa, kuma bayan ƴan watanni farin gishiri yakan fito a jikinta.

Matsalar ɗoɗɗoyar kishiyar ta lemun ce, kuma a nan laifin nawa ne ɗungurungum. Da ya zaro ta, wani wari mai tsami ya taso, saiwoyin sun yi baƙi-baƙi sun yi laushi suna saɓulewa a hannu, alhali lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Tana cikin ɗaki inda rana ba ta dukanta, iska ba ta kaɗa ta, ga faranti a ƙarƙashinta kullum cike da ruwa, ni kuma ina ba ta ruwa daidai da itacen da ke baranda. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, kuma abin da ke ruɗar mutane shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa tana langaɓewa kamar wadda ba ta samu ba, sai mai ita ya ƙara mata. Bai ɓoye mini ba cewa ba za ta tashi ba. Ya yanko rassa uku masu sauran rai ya ce in sa su a kofin ruwa su yi sabuwar saiwa, kuma bai karɓi ko dala a kan wannan ba.

Shawararsa kan ban-ruwa gajera ce, kuma ita nake bi har yau. Kada a yi wa shuka lokaci kamar na cin abinci. A tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a bari, in ta bushe a zuba a hankali har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan a zubar da abin da ya taru a faranti, wanda dama gidan sauro ne. Ƙaramar tukunya kuwa a ɗaga ta a ji nauyinta bayan ban-ruwa, a sake ɗagawa bayan kwana biyu, hannu zai koyi bambancin da kansa. A bazara itacen baranda zai iya bukatar ruwa kullum da safe, da damina ko lokacin ɗari kuma yakan yi kwanaki bai nema ba. Ya kuma hana ni zuba ruwan wanki, saboda sabulu da gishirin da ke cikinsa suna taruwa a tukunya ba su da mafita.

Na so in sayi zogale in sa a tukunya, ya ce in nemi gefen katanga in haƙa rami, domin saiwarsa doguwa ce mai nutsewa ƙasa kuma tukunya za ta takura shi.

Amma ba komai ne ya gamsar da ni ba. Takin da ya haɗa bai gama ruɓewa ba, domin bayan mako biyu ciyawa ta tsiro a tukunyar kamar an shuka ta, kuma da na tona gefe na ciro gwazarma biyu, waɗanda wasu irinsu kan ci ƙananan saiwoyi. Mutumin da ya san saiwa haka bai kamata ya yi sakaci da taki ba. Na biyu, babu tsayayyen farashi. Na biya jikka 3 na tukunya da ƙasa da aiki, ban kuma ce an cuce ni ba, amma na ji ya faɗa wa wani da ya zo a mota kuɗin da ya fi haka a kan tukunya irin tawa, don haka a yi ciniki kafin a fara aiki. Na uku, ba ya kai kaya gida, kuma tukunyar ƙasa cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba abin ɗauka a kabu-kabu ba ce. A adaidaita na kawo ta, na riƙe ta da ƙafafu, duk da haka bakinta ya ɗan ɓantare a hanya. Wanda zai je ya tafi da tsumma ko kwali, ya kuma leƙa ramin ƙasan tukunyar kafin a cika ta, domin na ga wasu raminsu bai kai kan yatsa ba.

Na ajiye lemun a inuwa mako guda kamar yadda ya ce, ban sa masa takin zamani ba sai bayan wata ɗaya. Ya zubar da ganye kaɗan a kwanakin farko har na fara zargin wuƙar, amma a mako na huɗu sabon toho ya fito a rassa biyar, kuma yanzu ruwan safe yana kai shi har washegari ba tare da ya langaɓe ba. Cikin rassan ɗoɗɗoya uku biyu sun yi saiwa, suna cikin ƙaramin kasko a bakin taga. Masu shuka a baranda ko a ɗaki da suka shekara ba su taɓa ganin saiwarta ba, ina ba su shawarar su je, amma su tafi da ruɓaɓɓen takinsu daga gida in suna da shi. Ni dai akwai na'ana'ar da ta cika robarta har tana fitowa ta ƙasa, ita zan kai masa ranar Asabar.