Finafinan Ingila na makashin da ba shi da kowa: wanne za ka sa a tura maka?

Turawan Ingila suna da wani rukunin finafinan ban tsoro na ƙaramin jari wanda babu aljani ko fatalwa a ciki. Mutum ɗaya ne a ɗakinsa, ba aboki ba ɗan'uwa, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, har kaɗaicin ya kai shi ga kashe mutane. Na kalli da dama, kuma in guda ɗaya tak memorinka zai ɗauka, to a tura maka Tony na 2009.

Gerard Johnson ne ya ba da umarni, Peter Ferdinando ya fito a matsayin Tony, kuma tsawonsa bai wuce minti 76 ba. Tony wani siririn bawan Allah ne mai tabarau da ɗan gashin baki, yana zaune a gidajen gwamnati na unguwar Dalston a gabashin Landan. Ya yi shekara da shekaru babu aikin yi, abin da ya mallaka kawai tulin tsofaffin kaset-kaset na finafinan harbe-harbe. Abin da ya kama ni shi ne yadda yake roƙon hira. Ya tsaya kusa da mutane a titi yana neman ya tsoma baki, su kalle shi sheƙeƙe su wuce. A ofishin neman aiki a wulaƙanta shi, ya sunkuyar da kai. Har ka fara jin tausayinsa, sai ga shi da leda a hannu ya nufi bakin ruwa, kai kuwa ka san abin da ke cikin ledar. Akwai wurin da ma'aikacin lasisin talabijin ya zo gidan (a can sai ka biya kuɗin lasisi kafin ka kalli tashoshi), ya ce zai tafi da akwatin. Ya taɓa abu ɗaya tilo da ke ɗebe wa mutumin kewa, bai fita da ƙafarsa ba. Kiɗan kuma na Matt Johnson ne, ɗan'uwan daraktan, mai sanyi kamar ba a fim ɗin kisa ba. Amma fa ba na kallo a falo da yara ba ne, akwai gawarwaki da mashaya da maganganun banza.

Peeping Tom na Michael Powell, 1960, shi ne kakansu: mai ɗaukar hoto da ke kashe mata yana naɗar tsoron da ke fuskarsu. Masu sharhi sun yi masa ca a lokacin har sana'ar Powell ta durƙushe a Ingila. Yana da kyau, sai dai tafiyar hawainiya yake yi. Saint Maud na 2019 labarin wata ma'aikaciyar jinya ne a wani garin bakin teku, ya fi karkata ga ruɗanin addini. Possum na 2018 kuwa ni barci ya sa ni.

Saura Cold Light of Day na 1989, wanda Fhiona Louise ta yi a kan Dennis Nilsen, ma'aikacin ofishin neman aiki da aka kama a Fabrairun 1983 bayan sassan jikin mutane sun toshe magudanar gidan da yake haya a Muswell Hill. A kan wannan fim ɗin ne na ƙone, shi ya sa zan ja kunne.

Na je wani shagon tura finafinai, na rubuta sunan a takarda na miƙa. Yaron ya ce, “Yallaɓai akwai shi, mai kyau ma kuwa.” Na biya, na dawo gida, na jira kowa ya kwanta, na kunna. Sai ga Bruce Willis da Henry Cavill a ƙasar Sifen, ana ta tsere da motoci. Ashe akwai The Cold Light of Day na 2012, kuma shi ne ke fara fitowa in an bincika sunan a intanet. Da na koma, cewa ya yi ai wannan ya fi wancan daɗi. Kuɗina dai ya tafi.

Don haka kada ka ba da suna kawai, haɗa da shekara da sunan darakta. Tony ma akwai fim ɗin Indiya mai wannan suna, ka ce na Landan kake so. Kada ka bar shagon sai an kunna maka, ka ja shi zuwa tsakiya, ka kuma ja zuwa ƙarshe, domin wasu fayilolin rabi ne, wasu kuma tallan fim ɗin ne aka maimaita har ya cika awa guda. Duba rubutun ƙasan allo ma. Turancin talakawan gabashin Landan ba irin na labaran BBC ba ne, haɗiye kalmomi suke yi, in babu rubutun rabin zancen Tony zai wuce ka. Sannan ka tabbata rubutun yana tafiya daidai da bakin mai magana, na taɓa samun wanda ya makara da kusan rabin minti.

Wani abu kuma, Cold Light of Day na ainihi da ƙaramar kyamara mai fim na milimita 16 aka ɗauke shi, don haka dishi-dishi yake tun asali. In mai shago ya nuna maka hoto tangaran kamar na jiya ya ce shi ne, ka yi shakka. Kwafin da ya fi tsabta shi ne wanda kamfanin Arrow Video ya fitar a faifan Blu-ray a 2020, kuma in za ka sa a taho maka da faifai daga Ingila, fara tambayar ko na'urarka tana karanta na yankin Turai.