Manhajar rubutu da lissafi: wacce za ka ɗora wa kwamfutarka?

Da an ce rubutu a kwamfuta, yawancinmu Word muke tunawa, da an ce lissafi kuma sai Excel. Amma hanyar samun wannan aiki ba ɗaya ba ce, kuma kafin ka fitar da kuɗi, tambayoyi biyu ne za su raba maka gardama: da wa kake musayar takardu, kuma intanet ɗinka tana tsayawa ko tana yawan yankewa?

Microsoft 365 haya ce, kana biya duk wata ko duk shekara. Muddin kana biya, kana samun Word da Excel da PowerPoint da duk wani sabon abu da aka ƙara musu, ga OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, mai girman TB 1. Tsarin iyali ya fi riba idan kuna da yawa, domin mutum shida za su iya shiga, kowa da ma'ajiyarsa. Sai dai ranar da ka daina biya, manhajar takan koma ta kallo kawai: za ka buɗe takarda ka buga ta, amma ba ka da ikon gyara ko fara sabuwa. Tana kuma bukatar ta leƙa intanet lokaci-lokaci, kamar sau ɗaya a wata, don a tabbatar lasisinka na nan da rai.

Wanda ba ya son bashin wata-wata yana da Office 2024, wanda ya fito a watan Oktoban 2024. Biya ɗaya ne, na kwamfuta ɗaya, kuma yadda ka saye shi haka zai zauna, ba a ƙara masa sababbin abubuwa sai gyaran tsaro. Shi ma gyaran tsaron yana da wa'adi. Na Office 2016 da 2019 ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025, don haka duk wanda ya tallata maka ɗaya daga cikinsu yanzu, tsohon kaya yake sayar maka, komai arharsa.

Sai LibreOffice, wadda a ganina mutane ba sa ba ta haƙƙinta. Kyauta ce gaba ɗaya, ba irin kyautar gwaji da ke ƙarewa bayan 'yan kwanaki ba. Gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da ita tun 2010, lokacin da ta ɓalle daga OpenOffice. Tana da Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na haska bayani a taro, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma ba ta neman ka yi rajista ko ka haɗa intanet. Ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, malami mai shirya tambayoyin jarrabawa, ɗan kasuwa mai lissafin shiga da fita, duk ta ishe su.

Inda take samun tangarɗa shi ne wajen musaya. Tana buɗe fayilolin docx na Word da xlsx na Excel, tana kuma adanawa a cikinsu, amma asalin tsarinta ODF ne. Takarda mai sauƙi ba za ka ga bambanci ba. Mai cike da jadawali da hotuna da akwatunan rubutu kuwa, takan goce: abin da ke shafi na 12 a wurinka ya koma na 13 a wurin abokin aikinka. Sau da yawa laifin ba na manhajar ba ne, na salon haruffa ne. Idan an rubuta takarda da Calibri ko Cambria alhali babu su a kwamfutarka, sai a musanya su da wasu masu faɗi daban, layuka su motsa. Maganinsa shi ne Carlito da Caladea, haruffan kyauta da aka auna su daidai da waɗancan biyun. Abin da ba shi da magani mai sauƙi shi ne fayilolin Excel masu ɗauke da umarnin VBA (ƙananan shirye-shirye da ke gudanar da aiki da kansu a cikin fayil), irin waɗanda ma'aikatan kuɗi ke amfani da su. Wasu za su yi aiki a Calc, wasu su ƙi. Idan abincinka ya rataya a kan irin waɗannan fayiloli, ka sayi na Microsoft kawai, hankalinka ya kwanta.

Google Docs da Sheets a burauza suke zaune. Ba su da na biyu idan mutum uku ko huɗu za su gyara takarda ɗaya a lokaci guda, kuma komai yana adana kansa. Ana ba ka GB 15 kyauta, amma da Gmail da hotunanka kuke raba shi, shi ya sa yake saurin cika. Ana iya aiki da su ba intanet, in dai ka saita hakan tun kana da ita. Microsoft ma tana da Word da Excel na burauza kyauta, da ma'ajiyar GB 5, ga wanda yake bukatarsu jifa-jifa.

Akwai hanya ta biyar da ba zan taɓa ba kowa shawararta ba, wato manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba tare da biyan lasisi ba. Mai ɗora maka ita yakan fara da kashe manhajar kariya ta kwamfutar, sannan ya kunna wani ɗan shiri da ba wanda ya san abin da ke cikinsa, ya ba shi cikakken iko. Wannan tamkar ba baƙo makullin ɗakinka ne. Ta nan ake kwashe kalmomin sirri na imel da na banki, ta nan ake kulle fayilolin mutum a nemi kuɗin fansa. Tunda ga ta halal kyauta, ban ga dalilin wannan kasada ba.

Kafin ka biya komai, ka ɗauko takardar da ta fi kowace rikitarwa a cikin aikinka, ka sauke LibreOffice daga shafinta na asali, ka buɗe ta a ciki. Ka gyara, ka adana a docx, ka aika wa wanda kuka fi yin aiki tare ya duba. In ta isa gare shi yadda ka bar ta, ba ka bukatar sayen komai. In ta goce, kuma shi karantawa kawai zai yi, ka mayar da ita PDF, domin shi ba ya motsi a kowace kwamfuta. Ban da batun fayilolin VBA, sai idan dole ku riƙa gyara takarda ɗaya kuna mayar wa juna ne lasisin Microsoft zai cancanci kuɗinsa.